Lemun Tsami da Ganyensa a Girki: Itacen, Aikinsa da Sunansa

Malamin da aka ɗora wa koyar da girki a kwalejin horon malamai, in ya zo juya littafin Turanci zuwa Hausa domin ɗalibansa, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wata 'yar matsala wadda ƙamus ba ya warware masa. A wannan shafi littafin ya ce a matse "lime", a wancan ya ce a goge ɓawon "lemon", can gaba kuma ya ce a yayyanka ganyen "kaffir lime". Shi kuwa malam, kalma ɗaya tak ya ke da ita a hannu, watau lemun tsami. Alhali itatuwa 3 ne, ko wanne da kamarsa da ƙanshinsa da aikinsa a tukunya. Nufina a wannan takarda in bayyana yadda a ke girki da gashi da su a ƙasashen da suka gwanance da abin, da dalilin da ya sa a ke yi haka, sa'an nan in kawo shawara a kan sunayen da ya kamata mu riƙa kiransu da su.

Asalin kalmar

Lemo, ko lemu, ararriyar kalma ce daga "laimun" na Larabci. Larabawa su ma daga Farisa suka aro ta, inda a ke cewa "limu", kuma daga Larabcin nan ne harsunan Turai suka sami nasu "lemon" da "lime" duka biyu. Watau sunayen nan biyu da Bature ya ke bambanta itatuwa biyu da su, uwarsu ɗaya da tamu kalmar.

A shekara ta 1947 Joseph Greenberg ya raba kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu: waɗanda suka shigo ta bakin fatake daga Larabcin kasuwa, da waɗanda suka shigo ta allo da littafi daga Larabcin malamai. In muka gwada lemo da zaitun sai mu ga inda ko wacce ta faɗa. A Larabci sigarsu ɗaya, laimun da zaitun. Amma zaitun, wadda ko wane almajiri ya sani daga karatu, ta riƙe "ai" ɗinta, ta kuma riƙe "n" ta ƙarshe. Lemo kuwa ta mai da "ai" ya zama "e", kamar yadda Larabawan Sudan da Cadi ke furta ta, ta kuma ya da "n". A ganina dalilin yarwar a fili ya ke. Bahaushe in ya ji "lemun", kunnensa zai ɗauki "n" ɗin nan a kan madanganci ne, irin na "gidan sarki" ko "ruwan sama", ya tsaya yana jira a gaya masa lemun mene ne. Da aka cire madangancin da ba madanganci ba, sai lemu ta rage. Daga nan kalmar ta yi ta faɗaɗa, aka sami lemun zaƙi, aka sami lemun tsami, har aka kai ga lemun kwalba, wanda sau da yawa ko ɗigon lemo babu a cikinsa.

Itatuwan 3

Ƙaramin lemun tsamin nan mai siririn ɓawo da 'ya'ya a ciki, wanda a ke kasawa a ko wace kasuwa tamu, shi ne masana tsirrai ke kira Citrus aurantiifolia, shi ne kuma "lime" na asali. Binciken ƙwayoyin gado, musamman wanda aka buga a mujallar Nature a 2018, ya tabbatar da cewa haɗin barbara ne tsakanin wani lemun daji na tsibiran Filifin da babban lemon nan mai kaurin ɓawo da Larabawa ke kira utrujja, wanda malamai suka san sunansa a hadisi. Shi kuwa "lemon", mai launin ɗorawa da ɗan tsini a kai, utrujjar ce dai ta haɗu da lemo mai ɗaci ta haife shi. Larabawa suka kai su Masar da Magrib da Andalus. Har Ibn Jumai'i, likitan Salahuddin, ya rubuta risala a kan amfanin lemo a ƙarni na 12.

Na ukun shi ne baƙo a gare mu. De Candolle ya raɗa masa Citrus hystrix a 1813, "hystrix" kuwa beguwa ke nan da Girkanci, saboda yawan ƙayarsa. Gidansa kudu maso gabashin Asiya. Mutanen Tailan suna ce masa "makrut", na Indonisiya "jeruk purut", na Maleshiya "limau purut". Ɗansa kore ne mai gudaji-gudaji, ruwansa kaɗan ne, ga ɗaci, har an fi wanke gashin kai da shi bisa ga sha. Don ganyen da ɓawon a ke shuka shi. Wanda ya ga ganyen sau ɗaya ba ya mantawa, gama kamar ganye biyu ne aka jera, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasan ba ganye ba ne na sosai, hannun ganyen ne, watau ɗan sandan da ke haɗa shi da reshe, ya yi fukafukai har ya kusa kai girman na saman.

Kada mai karatu ya zaci rarrabe sunayen nan fitinar masu nahawu ce kawai. A 1747 likita James Lind ya yi gwaji da ma'aikatan jirgi 12 waɗanda suka kamu da cutar nan ta masu doguwar tafiya a teku, mai sa dasashi ya kumbura ya yi jini, haƙora su yi girgiɗi. Mutum 2 da ya ba lemun zaƙi da "lemon" su suka fi saurin warkewa. Daga 1795 rundunar jiragen ruwan Ingila ta riƙa raba ruwan "lemon" na ƙasashen Bahar Rum, cutar ta kusa ɓacewa daga cikinta. A tsakiyar ƙarni na 19 sai aka koma sayen ƙaramin lemun tsami daga tsibiran Karebiyan, inda Ingila ke da mulki, tun da ya ke a lokacin sunayen biyu musanya su a ke yi, ana kuma zaton tsamin shi ne maganin. Ashe ba tsamin ba ne, bitamin C ne, wanda a ke samun kamar miligiram 53 nasa a giram 100 na "lemon", amma kamar 29 kaɗai a ƙaramin. Wannan ɗan abin da ke akwai ma, yadda a ke tace ruwan a ajiye shi ya kan kashe mafi yawansa. Ayarin George Nares da ya nufi ƙarshen arewacin duniya a 1875 yana ɗauke da ruwan lemun tsami, amma duk da haka cutar ta kwantar da mutanensa, waɗansu suka mutu. Sai a 1918 Alice Henderson Smith ta tono tsofaffin takardun rundunar, ta gano cewa itacen ne aka sauya ba a lura ba.

Ruwa da ɓawo

Abubuwa biyu mai girki ke nema a jikin lemun tsami, kuma ba wuri ɗaya su ke zaune ba. Tsami yana cikin ruwan, wanda kamar kashi 5 zuwa 6 cikin 100 nasa asid ne da a ke kira sitirik. Ƙanshi kuwa mai ne, yana cikin 'yan ƙananan jakunkuna a koren fatar ɓawon. A ƙarƙashin koren akwai farar tsoka mai ɗaci. Don haka in an ce a goge ɓawo, koren kaɗai a ke nufi, da magogi ya fara nuna fari sai a juya lemon.

Tsamin ba ya tsoron wuta, ƙanshin ne ke gudu da tururi. Ruwan kuma in aka bar shi ya daɗe bayan matsa, ko aka tafasa shi, wani sinadari mai suna limonin ya kan haihu a cikinsa ya kawo ɗaci. Shi ya sa a mafi yawan girkin da za mu ambata a ƙarshe a ke matsa lemo, bayan an sauke tukunya.

Matanmu sun daɗe suna wanke kifi da lemun tsami don a kashe ƙarni, kuma ilmin sinadarai ya gaskata su. Abin da ke tashi ya bugi hanci daga jikin kifi ɗan'uwan kanwa ne wajen hali, in tsami ya taɓa shi sai ya zama wani irin gishiri wanda ba ya tashi sama. Tsami yana kuma sandarar da furotin kamar yadda wuta ke yi. Da shi a kan kama madarar waken suya ta zama awara, in ba a sa ruwan tsamiya ko ruwan tsamin gasara ba. Mutanen Feru suna jiƙa ɗanyen kifi a ruwan lemun tsami har ya yi fari kamar dafaffe, suna kiransa "ceviche". Amma fa lalle malami ya gargaɗi ɗalibansa cewa wannan kama ce kawai ta dahuwa, tsami ba ya kashe ƙwayoyin cuta da tsutsotsi yadda wuta ke yi. A Kasamans ta ƙasar Sanigal kuma a kan tsima kaza a ruwan lemo da albasa mai yawa kafin a gasa ta a dafa, shi ne "yassa".

Akwai wata hanya ta daban a ƙasashen Oman da Iraƙi da Farisa. A kan tafasa lemun tsami ɗungum a ruwan gishiri, a shanya a rana har ya bushe ya yi baƙi, ya yi sakayau. Sa'an nan a huda shi a jefa a miya ko shinkafa. Larabawa na kiransa "lumi", Farisawa "limu amani", watau lemun Oman. Wannan shi kaɗai ne a ke so ya daɗe a kan wuta.

Ganyen a tukunya

Man da ke cikin ganyen makrut ba irin na ɓawon lemun tsami ba ne. Mafi yawansa wani sinadari ne mai suna sitironelal, wanda ya kan kai kashi 80 cikin 100. Saboda haka wanda ya rasa ganyen ya sa ɓawon lemun tsami a madadinsa, ya sami ƙanshi kam, amma wani ƙanshi ne daban.

Hanya biyu a ke amfani da shi, kuma kaurin ganyen ne ya raba su. Ganye ne mai tauri da sheƙi, ba ya narkewa kamar alayyafo. In romo za a yi, sai a kama shi a tsage, a zare jijiyar tsakiya, a murtsuke shi kaɗan don jakunkunan man su fashe, a jefa. Ba a cinsa, a gefen kwano a ke ture shi. Mashahurin misali shi ne romon "tom yam kung" na Tailan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024. A kan tafasa ruwa da ciyawar nan mai ƙanshin lemo da a ke sa wa shayi, da wata saiwa 'yar'uwar citta da su ke kira "kha", da ganyen makrut. In ƙanshi ya fito a zuba jatan lande, wanda minti kaɗan ya ishe shi. Sai an sauke a ke sa barkono da ruwan lemun tsami da tsimammen ruwan kifi mai gishiri, wanda a girkinsu shi ke tsaye a matsayin daddawa. Mai karatu ya lura, romo ɗaya ne amma itatuwa biyu suka yi aiki a cikinsa: ɗaya ya ba da ganye a kan wuta, ɗaya ya ba da ruwa a bayan wuta. Su kuwa ba sa rikita su, gama ƙaramin lemun tsami "manao" su ke ce masa. Mai fassarar da ya kira su duka lemun tsami ya ɓad da rabin dabarar.

In kuwa ana so a ci ganyen ne, sai a jera 5 ko 6 bayan an zare jijiya, a naɗe su kamar tabarma, a yanka da wuƙa mai kaifi siriri kamar gashi. Haka a ke barbaɗa shi a kan miyar "phanaeng" mai madarar kwakwa, haka kuma a ke cuɗa shi da daƙaƙƙen kifi a soya 'yan ƙosan kifin nan da su ke kira "thot man pla". A Jawa ta Indonisiya a kan zuba shi cikin ƙullun garin shinkafa da gyaɗa a soya ya yi ƙarau-ƙarau, sunansa "rempeyek". Mutanen Minangkabau na Sumatara suna sa shi a "rendang", naman da a ke dafawa a madarar kwakwa har ruwa ya ƙone mai ya fito. Ɓawon ɗan itacen kuma a turmi a ke kirɓa shi tare da barkono da tafarnuwa, ya zama kayan miya. Busasshen ganye ya kan rasa mafi yawan ƙanshinsa, amma wanda aka daskarar a firji ya kan riƙe nasa wata da watanni.

Abin da na fi so malamai su kula da shi a nan shi ne al'adar arewacin Biyetnam, inda a ke yanka ganyen lemun tsami na gida, ba makrut ba, a barbaɗa a kan dafaffiyar kaza. Itacen nan yana tsaye a gidaje da lambuna da yawa a ƙasarmu, ana tsinkar 'ya'yansa, ganyen kuwa sai dai a dafa shi don zazzaɓi. Ƙanshinsa bai kai na makrut ƙarfi ba, amma ya isa a gwada shi a ɗakin koyon girki ba tare da an kashe ko kwabo ba. Ɗanyen ganye matashi a ke zaɓa, daga itacen da ba a yi wa feshin magani ba.

A tanderu

Wajen gashin kek da biskit, lemun tsami yana da aiki na uku bayan tsami da ƙanshi, watau kumbura ƙulli. Sodar gashi, farin garin nan da masana ke kira sodiyam bikabonet, 'yar'uwar kanwa ce ta jini. Duk wanda ya taɓa ɗiga ruwan tsamiya a ruwan kanwa ya ga kumfa ta tashi ya riga ya ga abin da ke faruwa a cikin kek: tsami ya gamu da soda, iska ta fito, ƙulli ya tsare ta, wuta ta sandarar da shi yana kumbure. Babban cokali 1 na ruwan lemun tsami ya kan ci kamar rubu'in ƙaramin cokali na soda. In soda ta yi yawa kek ya yi ɗanɗanon sabulu ya yi duhu, in ta yi kaɗan ya kwanta ya yi nauyi. Kuma da an haɗa su sai tanderu, gama kumfar ba ta jira.

Ƙanshin, tun da ya ke mai ne, a cikin maiƙo ya ke narkewa. Don haka gwanaye su kan murza gogaggen ɓawo da sukari tukuna, har sukarin ya yi danshi, sa'an nan su buga shi da bota. Ganyen makrut kuwa a kan tsoma shi a madara ko narkakkiyar bota mai ɗumi, a rufe kamar minti 20, a tace, ko kuwa a niƙa shi da sukari ya yi laushi a tankaɗe. Ruwan lemo, in ɗanɗanonsa a ke so, an fi dama shi da sukari a kwarara a kan kek yana fitowa daga wuta.

Abin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne "Key lime pie" na tsibiran kudancin Filorida a Amurka, wanda jihar ta ɗauka ya zama nata a hukumance a 2006. Kayan cikinsa 3 ne: madarar gwangwani mai kauri da sukari, irin wadda Gail Borden ya yi wa hanyar sarrafawa rajista a 1856, da gwaiduwar ƙwai, da ruwan ƙaramin lemun tsami, irin namu ɗin nan sak. Ga gwangwani mai giram 400 a kan sa gwaiduwa 4 da ruwan lemo kamar mililita 120. Da an gauraya sai ƙullin ya fara kauri da kansa, gama tsami yana kama furotin ɗin madara kamar yadda ya ke yi a kindirmo, sukari da maiƙo kuwa suna hana shi tsinkewa ya yi gudaji. A da ba a ko gasa shi. Yanzu a kan sa shi a tanderu kamar minti 15 saboda ɗanyen ƙwai.

Kashedi ɗaya ga masu matsar lemo da yawa a tsakar gida: man ɓawon in ya zauna a fata rana ta buge shi ya kan ƙona ta, har ta yi bororo ta bar tabo. A wanke hannu da sabulu kafin a fita rana.

Sunan da za mu ba shi

"Kaffir" da ke cikin sunan Turancin nan ita ce "kafir" ta Larabci, wadda mu ka ara mu ke cewa kafiri. Emanuel Bonavia, a littafinsa na 1888 a kan lemukan Indiya da Silon, ya ce Turawan Silon haka su ke kiran itacen, ma'aikatan gonaki kuwa suna shafa ruwansa a ƙafa don korar matsattsaku. Turawan Fotugal da na Holan sun ari kalmar sun liƙa wa baƙaƙen mutanen kudu da gabashin Afirka, har ta zama zagi mafi muni a Afirka ta Kudu, inda kotu ta ɗaure wata mata a 2018 saboda jifan 'yan sanda da ita. Alan Davidson, a kundinsa na abinci da Jami'ar Oxford ta buga a 1999, ya ba da shawara a koma ga sunan Tailan, kuma marubuta da yawa sun bi.

Hatsarin a gare mu ya fi na Bature, domin shi bai san ma'anar kalmar ba, mu kuwa mun sani. Mai fassara in ya bi ta kalma da kalma sai ya haifar mana da "lemun kafirai", sunan da in ya shiga littafin makaranta fitar da shi sai an sha wuya. Shawarata a ari makrut. Sai dai Hausa ba ta son "k" a ƙarshen gaɓa. A tsofaffin kalmomi ta kan mai da shi "u", kamar talaka da talauci, yadda Klingenheben ya bayyana a 1928, a ararrun kalmomi kuwa ta kan raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, kamar direba da firamare. Don haka na ke ganin "lemun makurut" za ta fi zama a baki. Wanda ya fi son siffantawa ya ce lemo mai tagwayen ganye, ba wanda zai ɓata. Ga sauran biyun, a bar wa ƙaramin sunansa na lemun tsami, tun da shi ya riga zama a ƙasar, a kira ɗayan babban lemun tsami, a kuma rubuta sunan Latin kusa da ko wanne a farkon ambatonsa a littafi.